Taswirar Amurka a Shagon Bappa

Ni na zana taswirar. A bayan wani kwalin firiji da aka yar a bakin titi na zana ta, da rula da fensir, jiha hamsin, kowace da sunanta da yawan wakilanta a tsakiya. Kwana uku na yi a kanta, domin jihohin gabas ƙanana ne, sai da na ja musu layi zuwa cikin teku kafin sunayensu suka samu wuri. Bappa, ƙanin mahaifina, ya buga ta da ƙusa huɗu a bangon shagon ɗinkinsa da ke Nassarawo, kusa da talabijin. Har yau ban yi wani aiki da hannuna da na dawo na tsana kamar wannan ba.

Lokacin ina aji biyu a jami'a. Mahaifinmu ya rasu tun ina ƙarami, Bappa ne ya tsaya mana. Shi ma matarsa ta rasu bayan doguwar jinya, bai sake aure ba, yana kwana a ɗakin da ke bayan shagon. Saboda haka daga gidanmu ake kai masa abinci kullum da yamma, a wata kula mai hawa uku, tuwo a sama, miya a tsakiya. Hawa na uku ban taɓa buɗewa ba. Na ɗauka yaji ne ko man shanu. Adda, yayata, ita ke rufe kular, ni nake ɗauka.

Bayan la'asar majalisa ke haɗuwa a ƙofar shagon, benci biyu a ƙarƙashin bishiyar maina. Mutane na zuwa suna tafiya, amma biyu ba sa fashi. Akwai Hedimasta, tsohon shugaban firamare, Kirista daga kudancin jiha, wanda ya yi ritaya ya zauna a Jimeta. Akwai Alhaji mai huluna, wanda ya zo daga Borno a shekarun rikici ya buɗe shago. Waɗannan biyu ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ko a kan wanne ya fi daɗi tsakanin kifin Binuwai da na tafkin Chadi. A shekarar zaɓen Amurka ne kawai bakinsu ya zo ɗaya. Duka suna bayan ɗan takarar nan mai jar hula.

Hedimasta ya ce mutumin zai kare Kiristoci a duk duniya. Alhaji ya ce ɗan kasuwa ne, ba ya son yaƙi, in ya hau dala za ta sauka. Kowannensu yana da shaida a wayarsa. Wayar Hedimasta na nuna masa mutumin fastoci sun kewaye shi suna addu'a, ta Alhaji na nuna masa shi yana gaisawa da limamai. Na lura tun a lokacin cewa kowace waya ta gane mai ita, abin da yake son gani take kawo masa. Na rubuta hakan a littafina, ban faɗa wa kowa ba.

Bappa kuwa dalilinsa ba na addini ba ne.

“Namiji ne,” in ji shi, yana taka keken ɗinki. “Abin da ke ransa yake faɗa. Telansa dai ya cuce shi, dubi kafaɗar kwat ɗin nan. Da zai zo Jimeta da na gyara masa kyauta.”

“Ita kuma matar da ke takara da shi,” in ji Alhaji, “duk mawaƙa ne a bayanta. Ana zaɓen shugaba ko ana biki?”

“Matan nan ba zai iya ba,” Hedimasta ya ce, da irin Hausarsa. “Yana dariya da yawa.”

Ni aikina bayani. Farfesa suke kirana, rabi yabo rabi tsokana. Na bayyana musu yadda mutum zai fi yawan ƙuri'u amma ya faɗi, da dalilin da ya sa jihohi kaɗan ne ke yanke hukunci. Ba na iya kallon idon dattijo in yi magana, don haka taswirar nake kallo, ina nunawa da sandar awon Bappa. Ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba. A makaranta ba wanda ya san muryata. A nan dattawa uku ke yin shiru in na buɗe baki.

Wata rana, saura kamar mako biyu zaɓe, Hedimasta ya cire tabarau ya ce, “To Farfesa, mu fa na Afirka? Me zai yi mana?”

Amsar na cikin jakata. Shafi guda cur na rubuta, na ja layi a ƙarƙashin wasu wurare da jan biro. Na karanta cewa shi da mutanen da ke kewaye da shi suna ganin tallafin da ƙasarsu ke bayarwa a waje asara ce, suna so a datse shi. Na kuma san aikin Adda da irin wannan tallafin yake tafiya. Na ɗaga kai na ga fuska uku suna jiran in ce alheri. Bappa har ya tsayar da keke.

“Ban gama karantawa ba, Baba,” na ce.

Na san maganata ba za ta canza komai ba. Ba mai ƙuri'a a cikinmu, ko fasfo babu mai shi sai Alhaji. Amma na yi ƙarya don kada in ɓata wa dattawa hira, kuma har yau in na tuna sai in ji kunya.

Ranar da sakamako ya fito, tun da hantsi majalisa ta cika. Da allin tela na shafe jihohin, ja da shuɗi, ana faɗa a talabijin ina shafawa. Jan allin ya ƙare sai da Bappa ya ɗauko wani. Ya aika aka sayo balangu da lemo. Alhaji ya je shagonsa ya dawo da jar hular dara sabuwa, ya ɗora wa Bappa a ka. Hedimasta da Alhaji suka tafa kamar yara. Ni ma na ci naman.

Aikin Adda shi ne bin masu cutar nan da ke karya garkuwar jiki har gida, ta kai musu magani, ta tabbatar suna sha. Tana zuwa Damare, tana zuwa Ajiya a cikin Yola, tana zagaya unguwarmu. Ba ta sa rigar aiki, ba ta riƙe jaka mai tambari. Duk wanda ya gan ta zai ce zumunci ta je. Wata tana karɓar nata a cikin ƙullin daddawa, wani a ƙasan ledar kuɓewa. Adda kan ɓare takardar jikin kwalbar, ta cusa auduga a ciki don kada ƙwayoyin su yi ƙara a hanya. Na sha ganin tana yi a tsakar gida. Ban taɓa tambayar na wa ba, ita ma ba ta taɓa ambaton sunan kowa ba.

Bayan 'yan kwanaki da hawan mutumin, wata safiya tana ɗaura hijabi za ta Damare, saƙo ya shigo wayarta. A dakatar da aiki nan take, a mayar da kayan ofis, kada a je wurin marasa lafiya. Ta karanta a tsaye, ta sake karantawa, ta cire hijabin ta ninke. Kafin ƙarshen mako an sa kwaɗo a ƙaramin ofishinsu. Aka ce duk masu karɓar magani su koma babban asibiti a Yola, kowa ya je da kansa.

A makonnin nan na karanta labaran Amurka fiye da kowane lokaci, da fatan in ga an ce kuskure ne. Abin da na gani shi ne wani hamshaƙin attajirinsu mai kamfanonin fasaha yana ta raha a intanet kan ofisoshin da ake rufewa, mabiyansa na tafa masa. Mutumin da ke maganar kai bil'adama wata duniyar. Na ga masu sharhi suna zaune a ɗakuna masu haske suna muhawara ko matakin zai ƙara wa shugaban farin jini. Da aka gaji da wannan aka koma kan wata mawaƙiya da saurayinta. Ban ce dole ne su ciyar da mu ba, kuɗinsu ne. Amma wanda ya riƙe hannun mara lafiya shekara da shekaru yana tsallakar da shi titi ba ya sakinsa a tsakiyar kwalta da saƙon waya ɗaya. Haushin namu shugabannin ya ma fi ci na. Duk tsawon shekarun nan sun bar ran mutanensu a hannun masu zaɓe na wata ƙasa, waɗanda farashin ƙwai da fetur ne damuwarsu, kuma ba laifinsu ba ne da ba su san akwai wani wuri Damare ba.

Majalisa ba ta ji komai ba. Da na ce aikin Adda ya tsaya, Alhaji ya ce ai dama ƙungiyoyin nan cin kuɗi suke yi, gara da aka kama su. Bappa ya sunkuyar da kai kan ɗinkinsa. Na ɗauka tausayin Adda ne.

Kusan wata biyu bayan haka Adda ta kira ni madafa tana zuba tuwon Bappa. Ta ja ƙofa.

“Sau nawa ka ɗauki kular nan?”

“Kullum mana.”

“Ka taɓa buɗe na ƙasan?”

“A'a.”

Ta buɗe shi a gabana. Babu komai sai guntun auduga.

“Maganinsa ya ƙare tun makonni biyar da suka wuce,” ta ce. “Ya ƙi zuwa Yola. Na roƙe shi, Inna ta roƙe shi. Cewa ya yi ya warke, wai ya ga wani a waya yana cewa ganyen zogale ya isa. Ba ka ji tarin da yake yi ba?”

Na ji tarin. Na ga ya rame, na ga yana daɗewa kafin zare ya shiga allura. Ni mai lura da wayoyin mutane, mai sanin yawan wakilan kowace jiha a Amurka, shekara nawa ina ɗauke da ran ƙanin ubana a hannuna ban sani ba.

“Ke ki karɓo masa.”

“An hana mu. Ko shi da kansa, ko wanda aka rubuta a katinsa a matsayin mai taimaka masa.” Ta rufe kular ba ta dube ni ba. “Sunanka na rubuta tun farko. Ban zaci za a kai ga haka ba.”

Na yi fushi da ita ma, amma babu lokacin wannan.

Washegari da safe na je shagon kafin mutane su zo. A gidanmu ɗa ba ya yi wa Bappansa maganar ciwo irin wannan. Na tsaya a bakin ƙofa har ya gama ɗinke hannun wata riga.

“Bappa, katin.”

“Wane kati?”

“Na asibiti.”

Ya ci gaba da taka keken, babu ƙyalle a ƙarƙashin allurar. Can ya tsaya, ya jawo ƙaramar durowar keken, ya tono katin daga ƙarƙashin zarurruka da maɓallai, ya ajiye a gefen tebur. Bai kalle ni ba.

“Ka ja mini ƙofar in za ka fita,” ya ce.

Na hau keke napep daga Jimeta zuwa Yola. Wurin karɓar maganin wata rumfar kwano ce a bayan asibitin, kuma duk garin an san su wa ke zama a cikinta. Hanyar zuwa ɗakin magani na kowa da kowa ta gabanta ta bi. Mata sun ja hijabi har hanci. Maza sun sunkuya a kan wayoyi. Wata tsohuwa da na tabbata daga ƙauye ta zo tana ta tambayar ina yarinyar da ke kawo mata nata gida. A jikin kwalayen da aka jera a lungu har yanzu akwai tutar Amurka. Na zauna na buɗe littafi, ban karanta ko layi ɗaya ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na ji an ce, “Farfesa.”

Hedimasta ne, ya zo karɓar maganin hawan jini. Ya cire tabarau, ya dubi rumfar, ya dubi katin da ke hannuna. Na kife shi a cinyata don kada ya ga sunan.

“Ina kwana, Baba.”

“Allah ya sawwaƙe, yarona,” ya ce a hankali, ya wuce.

Da layi ya zo kaina, ma'aikaciyar ta ba ni na wata ɗaya. Na ce Adda ta ce na wata uku ake bayarwa. Ta ce da kenan, yanzu ba su san abin da zai zo gobe ba, ana raba wanda ke ƙasa ne ya isa kowa. A keken dawowa na ɓare takardar kwalbar da farce, na cusa audugar da na zo da ita. Da yamma na kai kular. Bappa ya karɓa ya shige da ita ɗaki.

Ban ce Hedimasta ya yi da mugunta ba. Ina jin matarsa ya faɗa wa, don su sa ni a addu'a. Amma kafin in koma Yola karo na biyu, mai askin unguwa ya wanke injinsa da sifirit sau biyu a gabana, bayan ya gama mini. Wata maƙwabciya ta zo ta yi wa Inna, mahaifiyata, jaje a fakaice. Inna ta karɓa ba ta musa ba, domin in ta wanke ni ta tona Bappa.

A majalisa kuwa Alhaji ne mai raba shayi daga fulas. Ran nan da ya zo kaina ya ajiye kofunan gilas ɗin da kowa ke sha, ya laluba ƙarƙashin benci ya ɗauko wani kofin roba mai tsagaggen baki, ya zuba mini. Bappa na kallo daga kan keke, da jar dararsa. Talabijin na maganar harajin da Amurka ta ɗora wa kayan ƙasashe.

“Farfesa,” in ji Alhaji, “wannan harajin zai sa dala ta sauka ko?”

Na riƙe kofin. A karon farko ban kalli taswira ba.

“Alhaji, dala ba za ta sauka don ku ba. Bai san da ku ba. Ranar da Baba Hedimasta ya tambaye ni me zai yi mana, na sani, na ce ban gama karantawa ba. Na gama. Abin da zai yi ya yi. Ku je bayan asibiti ku ga rumfar. Akwai tsohuwar da ta biya kuɗin mota daga ƙauye don ta zauna a inda kowa zai gan ta. Akwai waɗanda kunya ta hana su zuwa, suna gida suna tari. Mu muka ci balangu a kan wannan. Har da ni.”

Ba da ƙarfi na yi maganar ba, ban iya ba. Alhaji ya ce yaran yanzu in sun yi boko sai a hankali. Hedimasta ya sa tabarau ya cire. Keken Bappa ya tsaya, bai sake motsi ba har na ajiye kofin na tafi.

Na daina zama a majalisa. Ina miƙa kula in juya. Bappa bai ce mini komai ba, na gode ko yi haƙuri, kuma na riƙe shi a raina sosai. Mutumin da ke yabon wani don yana faɗin abin da ke ransa ya zauna yana kallo ana ba ɗan wansa kofin roba.

Ranar karɓa ta uku na je da safe ɗaukar katin. Na tarar da shi a tsaye a ƙofar shago, ya rufe, sanye da farin kaftani da hular zanna. Kaftanin ya yi masa yawa. Katin na aljihun ƙirjinsa, rabinsa a waje.

“Tare mana keke,” ya ce.

Muka isa Yola. A rumfar ya zauna a bencin gaba, wanda kowa ke gudu don yana kallon hanya. Wani mai kawo masa ɗinki ya zo wucewa, ya rage tafiya. Bappa ya gaishe shi da suna, ya ce wandonsa ya kammala, ya zo ya karɓa. Ma'aikaciyar ta auna shi, ta yi masa faɗa kan makonnin da ya yi bai sha ba, ta ce sai an yi gwaji a ga ko maganin zai ci gaba da yi masa aiki kamar da. Ya ce to. Na wata ɗaya ta ba shi. Ya sa kwalbar a aljihu da takardarta, tana ƙara duk takun da ya yi.

Da yamma ya ce in zauna. Da Alhaji ya ɗauko kofin robar, Bappa ya taso daga kan keke ya karɓe shi.

“Wannan nawa ne, Alhaji. Ba yaron nasa na gilas. Aikena ya je.”

Alhaji ya zuba, shayin ya ɗan zube a ƙasa. Hedimasta ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, “Kuma a kofi ba ya kamawa, Alhaji. Mun koyar da wannan a makaranta.” Bai dai faɗi haka ba ranar da aka ba ni kofin robar.

Wasu masu ɗinki sun janye. Tarin bai bar Bappa gaba ɗaya ba har yau, kuma ba wanda zai iya gaya mini abin da makonni biyar ɗin nan suka ci a jikinsa. Adda na sayar da zoɓo da kunun aya a ƙofar gida. Taswirar, Bappa ya cire ta a makon, ya yanka kwalin yana fitar da samfurin wuyan riga da aljihu. Ranar da na ɗauki wani na ga rabin jihar Texas a bayansa, jan allin bai goge ba. Duk wata muna zuwa Yola tare, kuma duk wata kafin layi ya zo kanmu ina leƙa lungun nan in ƙirga kwalayen da suka rage.